Gyaɗar Baban Gola

Shekarar da nake aji biyu a kwalejinmu ta Kazaure, tim ɗinmu ya yi zafi, wallahi ba cika baki ba. Ni ne lamba bakwai, ni ne kuma mai riƙe da guruf ɗin tim a waya. Ana hura tashi, tun ban cire but ba na sa sitatus: "An sake yanka wasu!" 'Yan Gwiwa sun zo mana da mota cike da 'yan kallo har da mai ganga, muka zuba musu uku, mai gangar ya koma da abarsa a hammata ko sau ɗaya bai buga ba.

Amma maganar gaskiya, golanmu shi ne tim ɗin. Wani dogo ne ɗan ƙauyen bayan Roni, ba ya son surutu, tafin hannunsa kamar faranti. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a makaranta, kuma bai taɓa ɗaga kofi ba. Kullum in muka ci wasa muna tsalle, shi sai ya ce, "Saura dai."

Muka kai fainal, mu da 'yan Babura, ranar Asabar. Ranar Laraba sai ga gola a filin atisaye da jakarsa a kafaɗa.

"Koci, gida za ni," in ji shi. "Gyaɗar Baba ta nuna, ga hadari yana ta haɗuwa. In ruwa ya sake sauka, a ƙasa za ta tsiro ta lalace. Yayana ba ya gari, Baba kuma ƙafa ta hana shi."

Koci ya cire hula ya mayar. Kyaftin ɗinmu, wani gajere mai baki, shi ya yi caraf ya karɓe zancen.

"Gona nawa ce, mutumina? Ba mutum goma sha ɗaya ba ne mu? Gayya za mu yi maka!"

Muka hau ihu. Alhamis akwai tes, don haka sai Juma'a, jajiberin wasa. Koci ya ce, "Na yarda, amma ku yi a hankali. Ƙafafun nan nawa ne gobe."

To, duk wanda ya san gayya ya san ba a yin ta a hankali. Mun sauka da sassafe muka tarar Baba ya gayyato samarin ƙauyen su ma, ga mai kalangu, ga 'yan mata sun jero da ƙoren fura a gindin bishiya. Wani saurayi ya dubi wandunanmu na atisaye ya ce, "'Yan boko ne? A ba su kunyar gefe, kada su suma mana."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Kyaftin ya tuɓe riga. Kowa ya kama kunyarsa, a duƙe, tona, cire, kaɗe, kife. Mai kalangu yana zuga mu, in ka riga na kusa da kai kaiwa ƙarshe 'yan mata su yi guɗa. Gola yana bin mu yana cewa, "Don Allah ku sassauta," wa zai ji shi? Muka je masallaci muka dawo muka ɗora. Kafin la'asar gonar ta tashi tas. Baba ya riƙa bin mu ɗaya-ɗaya da sandarsa yana cewa, "Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana." Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Da safe na zo sauka daga gado, bayan cinyata ya ce bai san zancen ba. Na leƙa guruf, kowa kuka yake. Difendanmu ya rubuto wai a zaune ya yi sallar asuba. Koci ya gan mu muna shigowa fili muna tafiya kamar masu sabuwar kaciya, ya juya kai kawai.

'Yan Babura suka yi ta yawo da mu. A ba ni ƙwallo, ina ganin hanya fetal, zuciyata ta riga ta kai raga, ƙafa tana nan inda take. Gola kuwa, shi da ya saba da gona, ko a jikinsa. Ya kama ta sama, ya kama ta ƙasa, har fenariti ya ture. 'Yan kallonmu suna ta kiran "Katanga! Katanga!"

Saura kaɗan a tashi, ɗan wasansu ya buga wata mai ƙarfi. Gola ya yi tsalle ya doke ta, ta faɗo gaban raga. Difendanmu ya fi kowa kusa da ita. Na ga ya yunƙura, na ga fuskarsa ta yamutse, ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Wani yaron Babura ya zo daga baya ya tura ta ciki.

Da aka hura tashi gola ya zauna ya jingina da ƙarfen raga. Muka taru a kansa, ba mai iya ko tsugunawa.

"Da na yi tafiyata ni kaɗai, da kun ci," in ji shi.

"Rufe mana baki, dalla," kyaftin ya ce.

Sai ga ɗan acaɓa ya shigo har bakin fili, Baba a baya, da ƙullin ɗanyar gyaɗa a cinya. Bai taɓa zuwa kallon ƙwallo ba. Ya sauko da ƙyar, ya dubi 'yan Babura can suna zagaya fili da kofi, ya dube mu.

"Samari, na makara ne? Yaushe za a ba ku naku?"

Gola ya ja rigarsa ya rufe fuska.