Wasiƙar Abba Zuwa Gidan Rediyo

Abin da na fara lura da shi da muka shiga gidan rediyon shi ne babu kowa a kujerar mai gabatarwa, ga kuma muryarsa tana fitowa daga lasifika, har yana dariya. Na duba ko'ina, ban ga faifai ko ɗaya ba. Kwamfuta ce kawai, sai kofin shayi da ya huce.

Ina aji shida lokacin, makaranta ce ta kai mu ziyara. A aljihuna akwai wasiƙar Abba.

Tashar tsofaffin waƙoƙi ce. Ita muke ji kullum da safe a mota, in zai sauke ni makaranta a Upper Marlboro, garin da muke zaune a ƙasar waje, ya wuce asibitin da yake aiki. Akwai wata waƙa da ya sani tun yana ɗalibi a Zariya. In aka sa ta, sai ya ƙara murya, yana bi yana buga sitiyari da yatsa biyu. Ban taɓa jin Abba yana waƙa ba sai a nan. Kwatsam aka daina sa ta. Wata uku muna tafiya shiru.

"Ba a samu mai zaɓenta ba ne," in ji shi. Ya zauna ya rubuta musu yadda ake yi wa shirin gaishe-gaishe a can gida, ƙasarmu: sunan waƙa a sama, a ƙasa mutum goma sha ɗaya da za a gaisar, har da Kawu na Springfield.

Umma ta leƙa takardar. "Alhaji, wa zai iya karanta musu sunayen nan?"

"Su koya. Uwata, hannu da hannu za ki ba mai gabatarwar."

To ga shi ba wanda zan ba. Matar da ke zagayawa da mu ta ce tun jiya ya naɗi muryarsa. Waƙoƙin ma ba shi yake zaɓa ba. Lokaci-lokaci sukan tara masu sauraro a ɗakin taro na otel, a sa musu ɗan guntun kowace waƙa, su ba ta maki. Wadda aka gaji da ita a hutar da ita. Wadda masu sonta suka manyanta kuwa, a cire ta, a shigo da ta bayanta. Kwamfuta ke jera sauran.

Na tuna furfurar da ke gefen kunnen Abba.

'Yan ajinmu suka yi layi karɓar sitika. Na tsaya baya har aka watse, hannuna a aljihu a kan wasiƙar. Matar ta sunkuyo ta tambaye ni ko na yi mantuwa. Ban fito da takardar ba. Murya ƙasa-ƙasa na ce, "Don Allah, in za ku sake tara mutane a otel ɗin, ku kira babana."