Gurbin Raddi a Bakin Rijiya

Malaminmu a Birnin Gwari tsoho ne mai ido ɗaya, kuma bayan fiƙihu ba abin da yake so kamar koya mana yadda ake gardama. Mu manyan ɗalibai ne, da gemu da iyali, amma sai ya sa mu ƙirga kalmomi biyar da yatsu. Da'awa, abin da ka ce haka yake. Hujja, dalilin da ya sa ka faɗa. Shaida, abin da ido ya gani ko hannu ya taɓa. Raddi, amsar abokin gardamarka. Ta biyar sallamawa, wato ka yarda an fi ka gaskiya. Huɗun farko na iya su kamar sunana. Ta biyar kuwa, malam kan tsokane ni cewa sai an binne ni ban furta ta ba.

Ƙanena ne abokin gardamata, kuma kullum shi ke riƙe raddi. Kafin ya rusa mini magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce, "To amma fa, yaya." Abin na ba ni haushi ƙwarai.

Wata bazara ya shiga dajin Kamuku ɗebo zuma, bai dawo ba. Da shekara huɗu ta wuce, iyayen matarsa suka nemi alƙali ya yanke cewa ya mutu, ta yi takaba ta samu damar aure. Ni na tsaya kai da fata cewa yana raye. Ba a ga gawa ba, mahara masu kama bayi suna yawo a lokacin, kuma wani bafatake ya ce ya taɓa ganin mai kama da shi. Ina kallon matar tana ramewa a ɗakinsa, na san ina cutar ta, amma zuciyata ta ƙi.

Al'adar malam ce kafin ɗalibi ya shiga muhawara, ya tafi inda ba kowa, ya faɗi da'awarsa da hujjojinsa da ƙarfi, sannan ya yi shiru daidai tsawon amsar abokin gardama. Barin gurbin raddi yake kiran wannan. Sauran ɗalibai bayan ganuwa suke zuwa. Ni da girman kaina ban so a ji ni ba, sai ana gobe za a zauna gaban alƙali na bi hanyar Kakangi har wani kufai cikin daji, inda akwai busasshiyar rijiya da ciyawa ta rufe wa baki.

Rana tsaka ce. Na jera hujjojina ɗaya bayan ɗaya, har ni kaina na ji daɗinsu. Sannan na yi shiru. Sai na lura tsuntsaye ma sun yi shiru, ko ganye ba ya motsi. Daga ƙasan rijiyar na ji an yi gyaran murya, aka sake yi.

"To amma fa, yaya, ina shaidarka?"

Na durƙusa. Na ji bakina ya ce ba ni da ita.

"Ni ina da tawa. Leƙo."

Na rarrafa na buɗe ciyawar. Hasken rana ya sauka har ƙasa. Ga goran zumarsa, ga wuƙar da na ba shi da hannuna, ga sauran abin da ba sai na rubuta ba. Wasu Fulani da ke kiwo kusa suka zo da igiya, muka fito da shi. Na tambaye su ko sun ji magana, suka ce tawa kaɗai suka ji.

Washegari a zauren alƙali aka ce in kafa da'awata. Matar na zaune bayan mahaifinta, malam na gefe. Na ajiye wuƙar a kan tabarma, na ce wa alƙali, "Allah ya gafarta malam, na sallama." Matar ta fashe da kuka. Malam bai tsokane ni ba, ya lanƙwashe yatsansa na biyar kawai.

Yanzu na tsufa, ni ke koya wa ɗalibai kalmomin nan. Har yau in na gama kafa hujja nakan yi shiru fiye da yadda ya kamata, su suna tsammanin tsufa ne. Gyaran muryarsa nake jira, kuma bai sake zuwa ba.