Barkonon da na ɓoye cikin tattasan Kaka

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a ƙaramar lakwal, wato firamare, na shuka barkono a bayan gidanmu nan Diffa ba tare da kowa ya sani ba. 'Yan tushe ne da ba su cika tafin hannu ba, amma da su na lalata abin da ya girmi babana.

Lambun na kakata ne, wadda ta haifi babana. Ta dawo wurinmu daga ƙauyensu na bakin Komadugu, can wajen Bosso, a shekarar da mutane suka watse saboda tashin hankali. Ba ta zo da tukunya ba, ba ta zo da tabarma ba, sai kwalbar turare cike da irin tattasai gauraye da toka. Ta ce irin uwarta ne. Tattasai ne mai kauri, ja wur, sai ƙamshi da zaƙi, babu zafi ko kaɗan. Shi kaɗai take iya ci a miya, don gyambon ciki ya raba ta da yaji. Duk shekara takan juye kwalbar kaf ta shuka, ta ɗaura tsumma a 'ya'yan da suka fi kyau, in sun bushe ta sake cika ta.

Ni ne mai ban ruwa. Ruwan da na ɗauka a bido, wato jarka, da a tafkin Chadi na zuba shi da yanzu jirgi na yawo a ƙofar gidanmu. Doka ɗaya ta kafa mini.

"Maigida," haka take kirana, "kada barkono ya shigo lambun nan. 'Yan uwa ne shi da tattasai, kuma jininsa ya fi ƙarfi."

Na ce, "Amarya, tsiro ma aure yake yi?"

Ta ce, "Tambayi ƙudan zuma, su ne 'yan kai amarya."

Na yi dariya har da riƙe ciki. A raina na ce camfin tsofaffi ne.

A lokacin muna wata gasa a lakwal ta tauna ɗanyen barkono, wanda ya fara hawaye shi ya faɗi. Kullum ni ne na farkon faɗuwa. Sai abokina ya ce sirrin shi ne a riƙa ci kullum, ya ba ni 'yan tsiro daga gidansu. Na dasa su can jikin katanga, tsakiyar tattasan, inda gwiwar Kaka ba ta bari ta kai. Ganyen iri ɗaya ne, idonta kuma ya fara rauni. Ina tsinke su tun suna kore, da na gama na tuge na jefa wa awakin maƙwabta. Na ci gasar, na kuma wuni ina zirga-zirgar ban ɗaki kamar an ba ni gadinsa. A shekarar tattasan ya yi daɗi kamar kullum, na ce to ina jinin?

Sai shekara ta zagayo. Tattasai ya yi kyau, aka tsinki na farko, mahaifiyata ta yi miyar bandar kifi. Babana ya kai loma, sai gumi. Kaka ta kai tata, ta ajiye hannu.

"Uwar ɗaki, yaji kika sa?"

Mahaifiyata ta rantse ko hannunta bai taɓa yaji ba. Kaka ta sa aka kawo mata ɗanye guda daga lambu, ta gatsa, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juyo wajena.

"Maigida, a ina ka dasa shi?"

Ba ta tambaya ko na dasa ba. Na nuna katanga. Babana ya miƙe yana neman takalmi, ta ce masa, "Zauna. In ka doke shi zafin zai fita?"

Na so in gyara. Na ce ni zan ɗanɗana kowane tushe, mai zafi a tuge shi, mai daɗi a bar shi. Na bi lambun ina gatsa har leɓena ya kumbura ya yi kamar na raƙumi, ƙannena na bina suna tafi. Mun samu masu daɗi da dama, na yi ta murna. Kaka dai ta ce, "Ai sun riga sun yi fure tare." Duk da haka ta ɗaura tsummanta, ta ajiye iri. Da aka shuka, wasu suka fito sirara, wasu masu zafi, masu daɗin ma ba ƙamshin nan.

Akwai wata ƙawarta 'yar ƙauyensu da ke zaune a Assaga, wadda Kaka ta taɓa ɗibar wa irin. Babana ya kai ta, ni ma na bi. Matar ta ce ruwa ya cinye 'yar gonarta a shekarar da kogi ya yi ambaliya, ko ƙwaya ba ta tsira ba. Suka zauna suna lissafa waɗanda suka san suna da shi a da: wannan ya rasu, wancan ya tafi Nijeriya, wancan ba a san inda yake ba. Daga nan muka kamo hanyar gida.

Har yau ba ta taɓa goranta mini ba, tsokanarmu ma ba ta tsaya ba, kuma wannan ya fi mini duka ciwo. Da na ɗauka miya kawai na ɓata mata. Sai da na ƙara wayo na gane cewa a duk abin da ta baro a ƙauyen nan, shi kaɗai ne ya biyo ta da rai.

Bana kuɓewa da yakuwa ta ce a shuka a bayan gida. Tattasai kuwa a kasuwa muke saye, ni nake gatsa mata kafin a sa a tukunya.