Gwaggo Hannatu da Albasar Godiya

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Gwaggo Hannatu a coci ya san ba a cewa "na gode wa Allah" a gabanta a tashi salin alin. Kana rufe baki za ka ji ta zungure ka da gwiwar hannu, ta karkato kai ta ce, "Ka gode da mi?" In ka tsaya kame-kame, sai dai ka tsinci tsintsiya a hannunka. Ai kun tuna tsintsiyar nan da take ajiyewa ƙarƙashin bencinta. Ni da nake ɗiyar ƙanenta, kuma a ɗakinta na girma, sai da na koyi yin godiyata a zuci, don ranar da na furta ta, to ni da tukwanen zumuntar mata ke nan har yamma.

Don waɗanda ba su riske ta sosai ba: 'yar ƙasar Zuru ce, aure ya kawo ta Illela. Mijinta ya rasu ya bar ta da goyo da 'yar fadamar albasa a bakin tafkin Kalmalo. Ta zauna har bakinta ya koma na Sakkwatawa tsaf. Gajeriya ce, amma in ta yi magana a bakin coci, na cikin tasha ma sai ya waiga. Wasu na cewa tana da taurin kai. E, tana da shi! Ban tsaya nan don in wanke ta ba, kuma ita ma ba za ta yarda ba.

Ga Yohanna direba can yana sunkuyar da kai, ya san da shi zan fara. Motarsa ta ƙwace a hanyar Sakkwato, ta wuntsila cikin rami, ya fito ko ƙwarzane babu. Ranar Lahadi ya fito ba da shaida. Kai, ya zuba! Tun daga yadda ya karya kumallo har yadda taya ta fashe, yara har sun fara gyangyaɗi. Ya gama aka yi tafi, sai ga Gwaggo ta miƙe.

"Yohanna, motar hwa? Ta mutu?"

"A'a Mama, an gyara ta, ga ta can waje."

"Madalla. To akwai tsohuwa Lami da Baba Ishaya makaho can hanyar Garu, ƙafa ta hana su zuwa sujada. Daga mako mai zuwa kai ka ɗauko su."

Ya sosa ƙeya ya ce, "Mama, Lahadi fa ranar kasuwa ce, ranar muke samun fasinja."

"Ranar da ka wuntsila, Allah cewa ya yi ka dakata yana da kasuwa?"

Coci ya ɗauki dariya. Shi kuwa ya zaci an bar maganar a nan. Wata Lahadin da sassafe yana cikin lodi a tasha, ya buɗe ƙofar gaba, sai ya tarar da Gwaggo zaune daram, ta rungume littafin waƙoƙinta. Ta ce, "Mu tahi, tsofaffi na jira." Haka ya yi ta jigilar bayin Allah nan har suka koma ga Ubangiji. Ranar da muka kai Gwaggo makwancinta ma shi ya kawo mota tun kafin a nema. Na ce ya kyauta, ya ce, "Wace kyauta? Tsoro nake kar ta tashi ta tambaye ni."

Sai shekarar da damina ta ɗauke da wuri. Gero bai yi ido ba, iyakar ƙasa kuma a rufe, 'yan kasuwa na zaune suna kallon juna. Albasar da Gwaggo ta adana ma ta ruɓe a rumbu. A lokacin an kawo mana sabon fasto, yaro mai kirki, mai tausayi. Ya tsaya a gaba ya sanar cewa dattawa sun zauna, bana ba za a yi bikin godiyar kaka ba, don kada a kunyata marasa shi.

Gwaggo ta ɗaga hannu, ba ta ma jira an ba ta dama ba.

"Fasto, ɗana, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Mama."

"To numfashin da kake wagga sanarwa da shi, aro ka yi?"

Ya ce, "Mama, an riga an yanke."

Ta ce, "Ku kun yanke taku. Tawa godiyar ba ta zauna mitin da ku ba."

Ranar da ya kamata a yi bikin, ana tsakiyar sujada, sai muka ji waƙa daga waje. Gwaggo ce, ta ci ado da zanen zumunta, kwando a ka, tana rawa ita kaɗai har gaban bagade. Ni aka sa in biyo ta da faranti, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta sauke kwandon: albasa ce da ta tsinto daga cikin ruɓaɓɓun, ƙanana kamar goro. Ta dubi jama'a, ta ga ba za ta kai kowane gida ba, sai kawai ta zaro wuƙa daga ƙugu ta hau yankawa a nan take, rabi-rabi. Ga fanka na kaɗawa. Wayyo! Kun san albasar Kalmalo ba ta da mutunci. Mawaƙa suka fara share ido, dattawa suka bi, Fasto na tsaye hawaye na zuba kan kwalarsa. Gwaggo ta ɗago ta dube shi ta ce, "Yawwa, ɗana. Yanzu wa'azin ya shige ka."

Amma kun san abin da ya biyo baya. Wata ta sulale ta dawo da kabewa, wani da tiyar wake, wani yaro da kazarsa a hammata. Kafin a tashi gaban bagade ya cika, aka raba wa gwauraye da marasa lafiya. Fasto ya ce bai taɓa ganin bikin da aka soke ya yi armashi haka ba.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na shinkafar Kirsimeti. Lokacin 'yan bindiga sun matsa wa ƙauyuka, mutane suka kwararo cikin gari, mata da yara, suka zube a wani fili kusa da gidan Hajiya Luba, maƙwabciyarmu. Hajiya Luba ce ta ba Gwaggo ɗaki lokacin da ta yi takaba ba ta da wurin zuwa, kuma Gwaggo ba ta taɓa mantawa ba. Ta je ta ga yara na lasar murfin kwano. Gwaggo ta dawo gida ta ɗauki taɓarya, ta nufi gidan Dattijo Bitrus, mai riƙe da mabuɗin ɗakin ajiyar coci.

"Bitrus, buɗe mini sito. Shinkafa nike so da manyan tukwane."

"Mama, ta Kirsimeti ce fa. Kuma mutanen nan ba 'yan ikilisiya ba ne."

"Yunwar da ke cikinsu, ka tambaye ta cocin da take zuwa?"

"Sai dattawa sun zauna."

Ta ɗaga taɓaryar ta ce, "Ko ka buɗe da naka mabuɗin, ko in buɗe da nawa."

Ya buɗe. Hajiya Luba ta kawo itace da man gyaɗa, Gwaggo ta jawo akuyarta ta ce a kira Alhaji, mijin Hajiya Luba, ya yanka, don baƙi su ci hankali kwance. Matan zumunta da matan unguwa suka haɗu a murhu ɗaya, ana tuƙi ana gardamar gishiri. A cikin wannan hidimar ne ɗanta ya iso daga Kaduna, ya ce ta haɗa kaya, garin nan ba lafiya. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Garin da ya riƙe ni ina da goyo ba miji, yau da ya kwanta ciwo in gudu? Karɓi ludayi." Ya zo ɗaukar uwa, ya ƙare da rabon miya.

Dattawa kuwa ba su ƙyale ta ba. Suka ce ta yi gaban kanta, suka sa ta horo, aka mayar da ita bencin baya. Muka ce yau Gwaggo za ta ji kunya. Ina! Ta ɗauki kayanta ta koma can bakin ƙofa tana murna, ta ce tun da daɗewa take neman wurin da za ta riƙa tare masu sulalewa kafin a sa albarka. Ba a jima ba samari suka je suka roƙi dattawa a yafe mata. Kirsimetin nan tuwon dawa da miyar kuka muka ci, kuma har yau ban ji wanda ya ce bai ƙoshi ba.

Da ciwo ya shanye mata ɓarin jiki, likita ya ce ta kwanta ta huta. Ta ce ya huta shi, tunda shi ya gaji. Kullum sai mun fito da ita gindin dalbejiyar ƙofar gida, a aje mata tire, tana tsinke zogale da hannun hagu don a dafa wa na kwance a asibiti. Na ce, "Gwaggo, don Allah ki bari." Ta harare ni da idon da ya rage da ƙarfi ta ce, "Hannu guda aka karɓa, aka bar mini guda. So kike Mai shi ya leƙo ya ga ban da aikin yi da shi, ya zo ya karɓe?"

Ranarta ta ƙarshe matan zumunta suka kewaye gadon suna waƙa a hankali, murya na rawa. Mun ɗauka ta yi nisa, ba ta jin kowa. Sai ta buɗe ido, da ƙyar ta motsa baki. Na kai kunnena kusa, ina jiran wasiyya. Ta ce, "Wa ya ɗauko wagga waƙa? Ta yi ƙasa. Ku ɗaga." Muka fashe da dariya muna kuka, muka ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Muna cikin amshi ta tafi.

Ba ta taɓa ce mini tana sona ba, ba halinta ba ne. Amma tun ina yarinya har na yi aure, ban taɓa farkawa da sanyin safiya ban tarar da ta lulluɓe mini ƙafa da nata zanen ba.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Hannatu ta iso gare ka. Ka yi haƙuri da bakinta kamar yadda ka saba, ka zaunar da ita kusa da kai, ka ba ta hutun da ta ƙi karɓa a hannunmu. Mu kuma da ta bari, ka share mana hawaye. Cikin sunan Yesu. Amin.