Tayoyin Goggo Desley

Desley Marwick ta yi rayuwarta tana tuƙa motar 'yan makaranta a Benalla, ba ta taɓa wuce gudun da doka ta yanka ba. Tana yin ritaya ta sayi jar motar tsere, ta fara zuwa filinmu na tsere.

Mu duk taya mai laushi muke sawa, wadda take kama kwalta kamar ƙaro amma ta cinye da wuri. Ita kuwa mai tauri take zaɓa, ko da mai sayarwa zai haɗa ta da Allah.

Wata Asabar a Janairu, lokacin zafi a nan Ostireliya, rana kamar wuta, Kelvin mai baƙar mota ya shuri tayarta.

"Goggo, wannan ai ta tarakta ce. Gona za ki?"

"Kai dai lallaɓa taka, ɗan nan," ta ce tana ɗaure hular kwano.

Da safe babu wanda bai wuce ta ba. Amma kafin rana ta raba tayoyinmu sun suɗe tas. Muka koma inuwa muna cin burodi da nama, muna jin kukan mota ɗaya tana ta zagaya filin.

Da Goggo Desley ta fito, jiƙe da gumi, Kelvin ya ce shi dai ya fi ta gudu.

"Ka fi ni," in ji ta. "Ni na gama zamanin tsayawa a bakin hanya ina jiran yara. Tuƙi na zo yi, ku kuwa kallo."