Faifan Gwaggona Da Na Bari Ya Ƙetare Teku

Edita, Allah ya ƙara basira. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, ina cewa a raina wata rana ni ma zan sauke nawa kayan, sai kunya ta hana ni. Yanzu da furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalina na ga babu amfanin ci gaba da ɓoyo. Ba zan faɗi sunan kowa ba, waɗanda suka san ni za su gane.

A lokacin da abin ya faru ni budurwa ce, na gama jami'a ke nan, kuma ba a daɗe da yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ba. Ana neman masu takarda ido rufe, sai aka ɗauke ni aiki a wani ofis da ke kula da al'adu a Birnin Kebbi, ina zaune gidan yayana a Gwadangaji. Gaskiya ina ji da kaina. Turanci ya zauna a bakina, kuma ban yarda a manta da hakan ba ko da a wurin mai tumatir ne. Burina ɗaya a duniya shi ne in tafi ƙasar waje in ƙaro karatu. Asalinmu mutanen Gulma ne ta wajen Argungu. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, ƙanwar mahaifina ce ta raine ni, ita nake kira Gwaggo. Allah bai ba ta haihuwa ba, ni ce ɗiyarta. Sana'arta saƙar faifai, kuma ta yi ta fama da ni in zauna in koya, ni kuwa ina ce mata hannun da ya riƙe biro ba ya komawa riƙon basilla. Sai ta yi dariya ta ce to malama, Allah ya ba biro albarka.

Wata rana shugabanmu ya kira ni ya haɗa ni da wata baƙuwa, Ba'amurkiya baƙar fata, dattijuwa mai sanyin hali, malamar tarihi ce a wata jami'a a can. Ya ce ni zan riƙa yi mata tafinta, tunda ni mace ce zan iya shiga da ita cikin gidaje. Bincikenta a kan tarihin ƙasarsu ne. Ta ce kakanninta bayi ne da aka kwasa daga Afirka aka sa su noman shinkafa a fadamun Amurka, kuma har yanzu jikokinsu na saƙa wani abin bakace da ciyawa da ganyen wata itaciya mai kama da kaba. Tana bin ƙasashen da ake noman shinkafa tana duba turmi da taɓarya da faifai, tana sauraron waƙoƙin daka da tatsuniyoyi, ko za ta gano abin da mutanenta suka tafi da shi a cikin kawunansu. Da ta nuna mini hotunan saƙarsu, da ba ta faɗa ba cewa zan yi a kasuwar Argungu aka ɗauke su. Nan take na ce mata ina da gwaggo da babu kamarta a wannan sana'a. Ban faɗa don Allah ba. Tun a makon farko ta yaba da aikina, ta ce za ta iya rubuta mini takardar shaida zuwa jami'arsu, ni kuma tun daga ranar nake neman abin da zan ƙara burge ta da shi.

Muka tafi Gulma da motar ofis bayan an gama yankan shinkafa, ko'ina ka duba mata na casa da sheƙa. Gwaggo ta karɓe mu kamar mun zo daga hajji. Ta yi tuwon shinkafa da miyar kifi, ta yi ta tsokanar baƙuwar cewa ga ta baƙa kamarmu amma ta bari Hausa ta gudu daga bakinta. Da na fassara mata asalin matar, sai Gwaggo ta kama hannunta ta ce ashe ɗiyarmu ce da ta ɓace ta dawo gida. Kwana uku muka yi. Baƙuwar na zaune kan tabarma tana kallon yadda Gwaggo ke naɗe ciyawa da kaba tana soka basilla, tana rubutawa, tana ɗaukar hoto. A rana ta uku, don jin daɗin da ta yi, Gwaggo ta shiga ɗaki ta ɗauko abin da ba ta nuna wa kowa.

Wani tsohon faifai ne da take ajiyewa a naɗe cikin zane a ƙasan adakarta. Kakarta ce ta saƙa shi. Yana da wani zane na ja da baƙi mai lanƙwasa da gidanmu ke kira sawun ruwa, wai irin alamar da ambaliya ke bari a fadama in ta janye. Ba a bakace da shi, ba a rufe tuwo da shi. Amfaninsa ɗaya ne: duk ɗiyar gidanmu da za ta yi aure, ana ɗauko shi a kwafi zanen a saƙa mata nata. Zanen yana da wuya, don ƙirgen yana sauyawa a kowane zagaye, kuma ba a rubuce yake ba. Gwaggo takan kifa faifan a cinyarta ta riƙa bin bayansa da yatsa tana ƙirgawa, don ta baya ake gane inda aka soka da inda aka sauya kaba. A duk danginmu ita kaɗai ta rage da ta iya karanta shi.

Baƙuwar na ganinsa ta riƙe shi da hannu biyu, hawaye suka zubo mata. Ta ce kakarta na da wani mai kama da wannan zanen, ta yi ta yabonsa ba ta ajiye ba. Gwaggo kuwa ta yi abin da kowace dattijuwar kirki za ta yi in baƙo ya yaba kayanta, ta ce in tana so ta ɗauka, nata ne. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wannan kara ce. Baƙo godiya yake yi ya ce Allah ya bar wa mai kaya kayansa, a rabu kowa da mutuncinsa. In baƙon bai san al'ada ba, wanda ya kawo shi ne ke ƙi a madadinsa. Wannan aikin nawa ne, kuma na san nawa ne. Gwaggo ta ɗago ta dube ni tana jira. Ni kuwa na juya na faɗa wa baƙuwar da Turancina mai kyau cewa an ba ta kyauta.

Don Allah kada wani ya ga laifin matar nan. Sau biyu ta tambaye ni ko da gaske ne, ta ce abu irin wannan bai kamata ya bar gida ba. Na ce mata a al'adarmu mayar da kyauta cin fuska ne, tsohuwa za ta ji zafi. Sai ta ciro wata takarda, ta ce dokar aikinsu ita ce mai kaya ya sa hannu cewa da yardarsa ya bayar, ta roƙe ni in karanta wa Gwaggo duk abin da ke ciki. Na ce wa Gwaggo takardar shaidar ziyara ce kawai. Ni da kaina na kama babban yatsanta na danna a tawada na dangwala. Ta ƙyale ni na yi, don magana zarar bunu ce, kuma ba za ta janye kyauta a gaban baƙuwa ba ko da za ta mutu. Ita da hannunta ta naɗe faifan cikin zanensa ta miƙa. Da muka zo tafiya ta raka mu har bakin mota, ta yi wa baƙuwar addu'a, ni kuma ta ce mini Allah ya kai ni inda nake so in je.

Takardar shaidar ta zo kamar yadda matar ta yi alkawari, amma tafiyar ba ta yiwu ba, jami'ar ba ta ɗauke ni ba. Na rage zuwa Gulma, in na je ma ba na iya haɗa ido da Gwaggo. Ita kuwa ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa, kuma wannan shirun ya fi duka ciwo. Na riƙa lallashin kaina cewa ai ta saƙa zanen sau da yawa, yana cikin kanta.

Bayan shekara biyu aka sa ranar aurena. Da aka zo jeren ɗaki, Gwaggo ta kawo mini faifai fari fat, da jan baki kawai a gefe. Ta ajiye shi a kan kwanukana ta ce in yi haƙuri, ido ya fara gajiya. Daga baya matar wani ɗan'uwanmu da ke gida ɗaya da ita ta ja ni gefe, ta ce mini wata uku Gwaggo ta yi tana neman sawun ruwa. Takan saƙa har zagaye na biyar ko na shida, ƙirgen ya ɓace mata, ta warware ta sake, har kabar ta riƙa karyewa a hannunta. Ta ce ta taɓa shiga ta same ta da sabon farin faifai a kife a cinya tana bin bayansa da yatsa, tana motsa baki. A ɗakin amarcina na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka kawo ni, mutane na ta cewa amarya na kewar gida.

Daga nan na tashi neman gyara. Na bi gidajen 'yan'uwa da aka taɓa saƙa wa nasu, daga Argungu har Nasarawa a Birnin Kebbi. Amma faifan amarya na aiki ne, shekara kaɗan yake yi ya mutu. Ɗaya kawai na samu a wurin wata yayarmu, tsakiyarsa ta cinye, kuma daga tsakiya ƙirgen ke farawa. Abin da ya rage shi ne in rubuta wa baƙuwar gaskiya, sai girman kai ya riƙe mini hannu. Ta yaya zan ce wa matar da ta yabe ni a rubuce cewa ƙarya na yi mata? Sai da na ƙara shekara uku ina ɗaga biro ina ajiyewa kafin na rubuta. Amsarta ta zo cike da baƙin ciki. Ta ce ta riga ta miƙa faifan ga gidan adana kayan tarihi na jami'arsu tare da takardar da aka dangwala, ya fita daga hannunta, ta roƙa a mayar amma ba ta san ranar da za a duba roƙon ba. Ta ce da ta sani da ba ta taɓa shi ba. Ta haɗo mini da babban hoton faifan mai launi, wanda kowane zare ya fito a cikinsa.

Na ɗauki hoton na hau mota zuwa Gulma ina murna, ina cewa ko ba komai za a iya kwafa daga nan. Ban yi tunanin halin da Gwaggo ke ciki ba, a lokacin idonta ya tafi gaba ɗaya. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, har da ƙaryar takarda. Ta ce ta sani tun ranar, ba ta jin Turanci amma tana jin ɗiyarta. Na sa mata hoton a hannu na ce ga faifan kakarta. Ta shafa shi a hankali daga tsakiya zuwa gefe, ta ce sumul yake, ba abin ƙirgawa. Sai ta kifa shi a cinyarta kamar yadda ta saba, ta bi bayansa da yatsa, ta tambaye ni abin da ke nan. Na ce mata farar takarda ce. Ta miƙo mini, ta ce in adana, ta yafe mini duniya da lahira, sai dai da na zauna na koya lokacin da take kirana, da ko teku bakwai ya ƙetare bai tafi da komai ba.

Gwaggo ta rasu da damina ta gaba. Faifan bai dawo ba har yau. Na kai hoton wurin masaƙa da dama, kowace ta gwada ta ce gaban kawai take gani, abin da ta fitar yana kama amma ba shi ba ne.

Na rubuto ne saboda yaranmu masu ilimi da ake ɗauka su raka masu bincike, na waje ko na gida. Bincike abu ne mai kyau, matar nan ta san darajar faifan Gwaggo fiye da ni da aka raina a gefensa. Amma duk wanda ya tsaya tsakanin baƙo da tsohuwar gidansu, ya sani amana biyu ya ɗauka, kuma tsohuwar ba ta da wani baki sai nasa. Ya faɗi abin da take nufi, ya ƙi abin da kunya ta hana ta ƙi. Kuma in tsohuwa ta kira ku ku koyi abin hannunta, ku ajiye biron ku zauna, biro ba ya gudu.

Bayan sallah za a yi auren ɗiyata ta fari. Makon jiya ta ga hoton a bangon ɗakina ta tambaye ni ko za a saƙa mata irinsa, tunda ta ji ana cewa haka ake yi a gidanmu. Na ce mata za mu je kasuwa mu zaɓo mai kyau.