Burodin Ranar Haihuwar Petrona

Shekara ashirin da shida Doreen Vasicek ta yi a teburi ɗaya, kusa da taga, a ofishin makarantun garin Verdell na jihar Nebraska. Aikinta shi ne shigar da bayanan yara masu buƙata ta musamman a kwamfuta: mai raunin ji, mai in'ina, mai jinkirin fahimta. Duk shekara takan aika jerin ga ma'aikatar ilimi ta jiha, kuma ba a taɓa dawo mata da shi don gyara ba. Tana alfahari da wannan kamar yadda take alfahari da tumatirin bayan gidanta.

Tana da wata ɗabi'a da babu wanda ya ɗora mata. Duk yaron da sunansa ya shiga jerinta, ranar haihuwarsa sai ta gasa masa kolace, burodi mai zaƙi irin na kakarta, ta kai da hannunta.

Sai ga wasiƙa daga jiha. Yaran 'yan Gwatemala, waɗanda iyayensu ke aiki a mayankar shanu, sun ninka sauran yara a jerin masu jinkirin fahimta. A binciki dalili.

"Su binciki kansu," Doreen ta ce wa Marisela Ocampo, tafintar makaranta. "Ni aikina ba ya ƙarya."

"Haba Goggo, wa ya isa? Ai ko kwamfutar tsoronki take ji."

"Ke dai bakinki ba ya hutawa. Ɗauko rigar sanyinki, yau Petrona ta cika bakwai."

Petrona Xol, 'yar Gwatemala, sabuwa ce a jerin. An gwada ta a watan jiya, aka ce ta gaza sa'anninta, an kuma sa ranar Alhamis don zaman da zai cire ta daga ajinsu, a raba ta da malamarta da ƙawayenta. Ranar Litinin, sha ɗaya ga Janairu, matan biyu suka isa gidan da kwanon burodi. Uwar yarinyar, Candelaria, ta fito sanye da takalman roba na aiki. Ta yi godiya, ta dubi kwanon, sannan ta tambayi Marisela wani abu a hankali.

"Cewa take bikin me ake yi?"

"Haihuwar 'yarta mana!"

Candelaria ta rufe baki tana dariya. Ta ce ita ba ta yi karatu ba, amma ba za ta manta ranar da ta yi naƙuda ba. Ranar da kowa ke kai furanni makabarta ce, aka bar ta ita da ungozoma. Ɗaya ga Nuwamba.

Doreen ta nemi takardar haihuwar. Ga shi nan, 1/11. Can ƙasarsu rana ake fara rubutawa, sannan wata. Doreen kuwa tun tana firamare wata take farawa da shi, kamar kowa a Nebraska. Ta ƙara wa yarinya wata goma da yatsunta, aka auna 'yar shekara shida da mudun 'yan bakwai.

Suka shiga mota suka koma ofis. Marisela ma ta bar tsokana.

Kwana biyu Doreen ta yi tana buɗe tsofaffin fayiloli. Duk yaron da aka haifa bayan sha biyu ga wata ya tsira, don kwamfuta ba ta karɓar wata na sha uku, dole Doreen take juya rana da wata. Sauran kuwa sun wuce haka nan. Ta samu yara sha huɗu. Tara an tsufar da su. Biyar an mayar da su ƙanana, har ɗaya mai ainihin buƙatar taimako aka ce a ba shi lokaci, yaro ne.

"Ki ce kwamfuta ce ta yi," in ji Marisela. "Ba ta da bakin musu."

"Yarinya, ni na danna."

Ranar Alhamis ta shiga zaman da ba a gayyace ta ba, ta ajiye takardar haihuwa a gaban shugaban makaranta da mai gwajin. Ta faɗi abin da ta yi, ba ƙari ba ragi, ta juya ta roƙi Candelaria gafara. Mai gwajin ya sake duba makin da shekarun gaskiya. Petrona daidai take da sa'anninta, har ta ɗan ɗara a lissafi. Aka bar ta a ajinta.

Doreen ta rubuta wa jiha amsa shafi ɗaya da sunanta a ƙasa. Takardar rajista a Verdell yanzu tana da gurbin da ake rubuta sunan wata da haruffa, kuma Marisela kan tambayi kowace uwa da baki.

Sunan Petrona ya fita daga jerin, amma ɗaya ga Nuwamba Doreen ta sake ƙwanƙwasa ƙofar da kwanonta. Yarinyar ce ta buɗe.

"Iya, a Janairu ma za ki kawo?"

"Ja'ira! Sau biyu aka haife ki?"

"Ke kika ce."

Doreen ta miƙa mata kwanon. Ta kuwa kawo a Janairun.